Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin makarantar da ya koma ɗalibi yana da shekara 39

A shekarar 1952, lokacin da aka naɗa Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa Ministan Ayyuka a Legas, yana da shekara 39 a duniya, kuma kusan duk rayuwarsa ta aiki a cikin aji da ofishin ilimi ya yi ta. Bai karanci aikin injiniya ba, bai taɓa riƙe wata ma'aikata ba, garin da ya fito kuwa yana da nisan ɗaruruwan kilomita daga bakin teku. Bayan shekara biyu aka damƙa masa harkar jiragen ƙasa da tashoshin ruwa na Najeriya baki ɗaya, bayan shekara biyar kuma ya zama Firayim Minista na farko.

Hausawa suna da karin magana biyu da suke kamar kishiyoyin juna. Ɗaya ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗaya kuma ta ce gemu ba ya hana ilimi. Masana ƙwaƙwalwa sun daɗe suna tare da ta farko, sai a rabin ƙarni na ashirin na biyu bincike ya tilasta musu ba ta biyun gaskiyarta. Rayuwar wannan malami na Bauchi, wanda ya rasu kafin a kammala waccan muhawara, tana nuna yadda babban mutum yake sake koyo, da abin da koyon yake buƙata, da kuma inda sabo yake yi masa nauyi.

Daga allo zuwa Kwalejin Katsina

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke kudu da Bauchi, a gundumar Lere. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala Bageri ne da ke hidima a gidan Ajiyan Bauchi, hakimin gundumar, mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Ba gidan sarauta ya fito ba, kuma wannan ya bambanta shi da yawancin waɗanda suka yi boko a zamaninsa. Ya fara da makarantar allo, sannan ya shiga makarantar garinsu yana kimanin shekara goma, daga nan ya wuce makarantar lardi a Bauchi a 1925. A 1928 ya tafi Kwalejin Katsina, inda ya tarar da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gaba da shi da aji biyu.

Yaron da ya bi wannan hanya ya koyi rubutu iri biyu: na Larabci da ake ja daga dama zuwa hagu, da na boko da ake ja daga hagu zuwa dama. Ya kuma ɗauki harshen Turanci a kwalejin da ta ba lafazi muhimmanci ƙwarai. A nan aka aza harsashin fasahar magana da ta sa daga baya aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare. Wannan ɓangare na tarihinsa yana goyon bayan karin maganar icce ɗanye, domin bincike ya tabbatar da cewa kunne da harshen yaro sun fi na babba saurin kama sautukan baƙon harshe.

A wannan shekarar ta 1928 ne aka fitar da fassarar Turanci ta wani babban littafi na Santiago Ramón y Cajal, masanin ƙasar Sifen da ya sami kyautar Nobel a 1906 saboda aikinsa kan ƙwayoyin jijiya. A ciki ya yanke cewa hanyoyin jijiya a ƙwaƙwalwar baligi sun riga sun kafu, suna iya mutuwa amma ba sa sabuntuwa. Maganarsa ta zama tamkar doka a makarantun likitanci na tsawon shekaru. Idan da haka abin yake a kowace fuska, da ɗalibin da ya kammala Katsina a 1933 yana da shekara ashirin ya gama zama abin da zai zama.

Aji, alƙalami da zauren muhawara

Ya koma Makarantar Midil ta Bauchi a matsayin malami. A shekarar ce Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya yana neman malaman da za su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, salon da babu wanda ya gada. Gasar ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarinsa na yaro ne da bauta ta raba da mahaifiyarsa, aka ƙetare hamada da shi, ya tashi a baƙuwar ƙasa, ya dawo babban malami. Tun yana saurayi, abin da ya ɗauki hankalinsa shi ne yadda muhalli da karatu suke sake gina mutum.

A farkon shekarun 1940 ya zama hedimasta. A 1942 aka turo Malam Aminu Kano makarantar, Malam Sa'adu Zungur kuma yana gida Bauchi. A 1943, zamanin Sarkin Bauchi Yakubu na uku, aka kafa zauren muhawara inda malamai da ma'aikatan En'e da Turawan mulki suke tattauna al'amuran ƙasa. Sa'adu da Aminu masu zafin suka ne, shi kuwa Abubakar mai auna magana ne kafin ya furta. Zama da mutanen da ba sa barin hujja ta wuce ba tare da sun gwada ƙarfinta ba ya koya masa abin da aji ba ya koyarwa, wato sauraron abokin jayayya har ƙarshe, da sake gina matsayi idan an rusa shi.

A 1945, yana da shekara 32, ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan ya yi shekara guda. Ya isa birnin da yaƙin duniya na biyu ya bar wa tabo, ya ga Turawa talakawa suna bin layin abinci. Da ya dawo ya zama jami'in ilimi na En'e ta Bauchi, aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Arewa a 1946, sannan Majalisar Dokoki ta Legas a 1947.

A 1949, can a Kanada, Donald Hebb na Jami'ar McGill ya fitar da bayanin da ya zama ginshiƙin fahimtar koyo. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace tana sadarwa da dubban 'yan'uwanta ta wasu ƙananan mahaɗai. Hebb ya ce idan ƙwaya ɗaya ta yawaita tayar da wata, mahaɗar da ke tsakaninsu tana ƙara ƙarfi. Misalinsa kamar turba ce a daji: sawun da ya yawaita shi ke fitar da hanya, wadda aka daina bi kuma ciyawa ta rufe ta. A 1964 Marian Diamond da abokan aikinta a Berkeley ta Amurka suka nuna cewa ɓerayen da aka ajiye cikin 'yan'uwansu da kayan wasa, ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya fi na waɗanda aka keɓe kauri da kimanin kashi 6 cikin ɗari.

Kudirin 1950 da yaƙi da jahilci

A watan Agusta na 1950 ya tashi a majalisa a Kaduna ya gabatar da kudirin neman a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi. Ya yi maganar cin hanci, da rashin muryar talaka, da jahilcin da ya hana jama'a sanin haƙƙinsu. Ɗan bara ne yake faɗin haka a gaban 'ya'yan sarakuna da Turawan mulki, kuma da ƙyar kudirin ya wuce. Abin da ya biyo baya shi ne sauya tsarin da sarki yake yanke hukunci shi kaɗai zuwa tsarin sarki tare da majalisarsa.

A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Coomassie yake cikin jagororinsa. Manoma da 'yan kasuwa da dattawa masu furfura suka riƙa zama a ajin yamma suna koyon baƙi da wasali. Masu shirin sun dogara ne da abin da suka gani da idonsu, cewa babba yana iya koyon karatu. Hujjar kimiyya ta zo bayan kusan shekara sittin. A 2009 Manuel Carreiras da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan tawayen Kolombiya da suka koyi karatu bayan sun girma, suka ga ƙarin nama a sassan da ke aikin gani da harshe, idan aka kwatanta da takwarorinsu da ba su koya ba tukuna. A 2010 Stanislas Dehaene ya jagoranci bincike a Brazil da Fotugal wanda ya nuna cewa wani yanki a bayan ƙwaƙwalwa ta hagu yana komawa aikin gane haruffa, ko da mutum ya fara karatu ne da gemunsa.

Minista mai koyon dogo da kogi

Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ne ya kai shi kujerar minista a ƙarƙashin jam'iyyar NPC. Daga 1954 ya riƙe Ma'aikatar Sufuri, a lokacin da ake sake fasalin harkar gaba ɗaya. A zamaninsa Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fara aiki a 1955, aka kuma mayar da sashen jirgin ƙasa ya zama hukuma mai cin gashin kanta a wannan shekarar. Injiniyoyin ƙasar Holan suka shiga auna kogunan Kwara da Binuwai don sanin yadda jiragen dakon kaya za su bi su. Duk wannan yana nufin malamin makaranta ya zauna da taswirori da alƙaluman kuɗi da rahotannin zurfin ruwa, ya fahimce su har ya iya kare su a gaban majalisar da ke cike da lauyoyi. Layin dogon da ya tashi daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964 yana cikin abin da aka tsara a wancan zamani, kuma bashin dala miliyan 28 da Bankin Duniya ya bayar a 1958 saboda harkar dogo shi ne na farko da ya ba Najeriya.

Abin da irin wannan koyo yake yi wa babban mutum ya fito fili a wani bincike da aka yi a Landan. Direban tasi a birnin ba ya samun lasisi sai ya haddace tituna kimanin 25,000, aikin da ke cin shekara uku zuwa huɗu. A 2000 Eleanor Maguire ta gano cewa bayan wani sashe da ake kira hifokamfas, wanda ke riƙe taswirar wurare, ya fi girma a wajen waɗannan direbobi. A 2011 ita da Katherine Woollett suka fitar da sakamakon bibiyar masu neman lasisin su 79 tun daga farkon karatunsu. Waɗanda suka ci jarrabawar ne kaɗai sashen ya ƙaru a kansu. Wani bincike a Regensburg ta Jamus a 2004 ya ƙara da sharaɗi: manyan da suka koyi wasan cafe ƙwallaye uku na wata uku sun sami ƙari a wani sashe, amma da suka daina, ƙarin ya fara komawa. Ke nan ƙwaƙwalwar babba tana sauyawa ne idan aikin na gaske ne, mai wuya, kuma ana maimaita shi da natsuwa na dogon lokaci.

Sauyin da ya fi wuya

Koyon sabon aiki ya fi sauya tsohon ra'ayi sauƙi. A jawabansa na 1947 da 1948 a majalisar Legas, Tafawa Ɓalewa ya fito ƙarara ya nuna cewa haɗewar 1914 ba ta mayar da Najeriya ƙasa ɗaya ba sai a takarda. Abubuwan da suka faru a 1953 sun ƙara masa hujja. A ƙarshen watan Maris Anthony Enahoro ya kawo kudirin samun mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi amincewa da ƙayyade shekara, jama'a suka yi musu ihu a titunan Legas, a watan Mayu kuma rikici ya ɓarke a Kano aka yi asarar rayuka. Majalisun Arewa suka amince da wani shiri mai maki takwas wanda ya kusa raba ƙasar.

A 1955 ya tafi Amurka don ganin yadda ake sufuri a kogunan Misisifi da Ohayo. Kogi ya je kallo, amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne mutanen da suka fito daga ƙasashe da harsuna daban-daban suka zama al'umma ɗaya. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa wannan tafiya ce ta sa ya yarda Najeriya za ta iya zama ƙasa guda. Yana da shekara 42 a lokacin, kuma ya riga ya yi suna da akasin wannan ra'ayi. Da aka naɗa shi Firayim Minista a ƙarshen Agusta na 1957, ya kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa wadda ta haɗa NPC da NCNC da jam'iyyar AG, wato har da waɗanda suka yi wa Arewa ihu shekara huɗu da suka wuce.

Bayan samun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960, sai ga wani sabon darasi. Ya riƙe harkokin waje da kansa har zuwa 1961 da ya miƙa wa Jaja Wachuku. Ranar 7 ga Oktoba ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya lokacin da Najeriya ta zama mamba ta 99. Gwamnatinsa ta tura sojoji Kwango, ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara, ta kuma kasance cikin waɗanda suka matsa wa Afirka ta Kudu lamba har ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a wannan shekarar. Da ɗalibai da 'yan adawa suka tashi tsaye kan yarjejeniyar tsaro da Ingila, aka soke ta a Janairun 1962. A Mayun 1963 yana cikin shugabannin da suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa.

Inda sabo ya yi nauyi

Sauyin ƙwaƙwalwa yana da farashi. Direbobin tasin Landan da suka haddace birni sun gaza sauran mutane a wasu gwaje-gwajen tuna sabon zane mai sarƙaƙiya. Turbar da aka fi bi ita ce ƙafa take komawa kanta, ko da hanyar da ake buƙata a ranar wata ce dabam. Halin da ya ɗaga Tafawa Ɓalewa tun daga zauren muhawarar Bauchi shi ne haƙuri da jinkirta hukunci da neman sulhu, kuma ya yi masa aiki na shekara ashirin.

Shekarun ƙarshe sun zo da matsalolin da wannan hali bai ishe su ba. A Mayun 1962 gwamnatinsa ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma bayan rabuwar Cif Obafemi Awolowo da Cif Ladoke Akintola, a 1963 kuma aka ɗaure Awolowo shekara goma. Ƙidayar 1962 ta rushe, ta 1963 ta jawo jayayya. Zaɓen Disambar 1964 ya sha ƙauracewa, har Shugaban Ƙasa Nnamdi Azikiwe ya yi kwanaki kafin ya kira shi ya kafa gwamnati. Bayan zaɓen Jihar Yamma na Oktoban 1965, wanda aka yi ta ƙorafin maguɗi a kansa, kisa da ƙone-ƙone suka bazu, amma wannan karon bai kafa dokar ta-ɓaci ba. Masana tarihi da dama suna ganin jinkirin ya yi tsada, kodayake sun yarda cewa hannunsa a ɗaure yake, domin shugaban jam'iyyarsa yana Kaduna, Akintola kuma abokin ƙawancensu ne.

Ranakun 11 da 12 ga Janairu, 1966, ya karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan tawayen Ian Smith a Rodeshiya, karo na farko da aka yi irin taron a wajen Landan. Kafin wayewar garin 15 ga wata sojoji masu juyin mulki suka ɗauke shi daga gidansa, tare da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, aka kai shi Bauchi aka binne. Yana da shekara 53.

Abin da ya bari

Dokar aikin gwamnatin tarayya a yau ta ƙayyade ritaya da shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Shekarun da Tafawa Ɓalewa ya koyi manyan darussansa, daga 39 zuwa 50, su ne shekarun da ma'aikaci yake hawa matakan darakta, ake sauya masa ma'aikata, ko a ɗauke masa fayil ɗin takarda a miƙa masa kwamfuta. Binciken da aka ambata yana nuna cewa kayan aikin koyo suna nan a kansa a wannan lokaci, kodayake koyon yana ɗaukar lokaci fiye da na ƙuruciya, kuma kwas ɗin mako guda da ba a yi aiki da shi ba yakan bi hanyar wasan ƙwallayen Regensburg. Shekarunsa na ƙarshe kuma suna tunatar da mataimakan shugabanni cewa dabarar da ta daɗe tana yi wa maigida aiki ita ce ya fi wuya ya ajiye, kuma a nan ne ake buƙatar na kusa da shi su faɗa masa cewa yanayi ya sauya.

An buɗe ginin kabarinsa a Bauchi a 1979, shekarar da hotonsa ya hau takardar naira biyar. Jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a birnin a 1980 ta ɗauki sunansa a 1988, kuma injiniyoyi take yayewa, masu ilimin da shi ya koya a kan teburin minista. Shaihu Umar kuwa, wanda Mervyn Hiskett ya fassara zuwa Turanci a 1967, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, har gobe ana nazarinsa a sassan Hausa na jami'o'i. Allah ya jiƙansa da rahama.